Abdullahi Maje Karofi: Sarkin Kano da ya tara mulki da gandaye a hannu ɗaya

Tun watan Mayun 2024 ake ta ja-in-ja a Kano kan karagar sarauta tsakanin Muhammadu Sanusi II da Aminu Ado Bayero. Duk da zafin da rikicin ya yi, mutanen biyu jinin mutum ɗaya ne, wato Sarki Abdullahi ɗan Ibrahim Dabo, wanda aka fi sani da Maje Karofi. Ya mulki Kano daga 1855 zuwa 1882, kuma tun daga 1894 har yau babu wanda ya zama Sarkin Kano face daga tsatsonsa.

Mulkinsa ya faɗo ne a tsakiyar zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta yi sarauta daga 1837 zuwa 1901. A lokacin, a Ingila ma masu manyan filaye ne ke cike da majalisa, domin mai ƙasa shi ne mai faɗa a ji. A Kano abin ya zo ta wata fuskar: sarauta ce ke ba mutum iko da ƙasa da mutanen da ke nomanta. Abdullahi ya gane haka sarai, ya kuma shafe shekara 27 yana jawo sarautun da gandayen zuwa gidansa. Hakan ya ƙarfafa fadar Kano fiye da da, sannan ya haifar da gabar da ta kai ga Yaƙin Basasa shekara 11 bayan rasuwarsa.

Ɗan Dabo, ɗan Shekara

Mahaifinsa Ibrahim Dabo, Basulluɓe, shi ne sarki na biyu bayan jihadi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya naɗa shi a 1819 bayan rasuwar Sarki Sulaimanu. Dabo bai sami karaga a ruwan sanyi ba. Garuruwa da dama sun yi masa tawaye, cikinsu har da Ɗan Tunku, wanda daga baya ya kafa masarautar Kazaure. Don ya zauna da gindinsa, Dabo ya farfaɗo da tsoffin sarautun Haɓe da na bayin fada, ya kuma kafa ribaɗi, wato garuruwan tsaro masu ganuwa, irin su Fanisau da ke arewa da birni.

Mahaifiyar Abdullahi ita ce Shekara, matar da ta haifi sarakunan Kano uku a jere: Usman, Abdullahi da Muhammadu Bello. Su ukun uwa ɗaya uba ɗaya ne, amma 'ya'yansu ne suka zo suka ɗauki makami a kan juna.

Galadiman da ya kusa kamo sarki

Da Dabo ya rasu a 1846, Usman ne ya gaje shi, Abdullahi kuma ya riƙe sarautar Galadima. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya siffanta Usman da malami mai kyauta da sanyin hali, wanda ba ya son zartar da hukunci mai tsanani, har 'yan fashi suka yawaita a hanyoyi. Littafin ya nuna cewa ikon Galadima Abdullahi ya kusa kai na sarkin kansa.

A wannan zamani ne, cikin Fabrairun 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda gwamnatin Ingila ta turo kuma ake kira Abdulkarim, ya iso Kano. Ya ƙiyasta mazauna birnin da kusan 30,000, adadin da kan ninka a lokacin rani idan fatake suka sauka. Ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Wannan ita ce dukiyar da Abdullahi ya fara juyawa tun bai hau gado ba.

Matsaloli biyu da za su bi shi har cikin mulkinsa sun tsiro ne a shekarun Usman. Ta farko, wasu malamai na Tsakuwa ƙarƙashin Malam Hamza suka ƙi biyan kuɗin ƙasa, suka yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen wurin irin su Butawa da Warjawa. Ta biyu, Sarkin Haɗeja Buhari ya bijire wa Sakkwato, ya addabi gabashin ƙasar Kano har zuwa rasuwarsa a 1863.

Sarkin Yanka

Usman ya rasu a Ringim a 1855, aka naɗa Abdullahi. Abin da ya fara yi shi ne abin da yayansa ya kasa: ya sa aka kashe 'yan fashi, aka yanke hannun ɓarayi. Daga nan ya sami laƙabin Sarkin Yanka. Ga fatake da masu zuwa cin kasuwa wannan sauƙi ne, domin hanya ta yi lafiya. Ga masu sarauta kuwa gargaɗi ne cewa sabon sarkin ba ya ɗaukar wasa.

Ya ƙulla dangantaka mai ƙarfi da Sakkwato ta hanyar auren Saudatu, 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859. Ita ce ta haifa masa Aliyu, wanda Kanawa ke kira Alu. Kano ce ta fi kowace masarauta arziki a daular, kuma gaisuwar da take aikawa Sakkwato, ta tufafi da dawaki da bayi da kuɗin wuri, ta sa muryar sarkinta na da nauyi a can.

Yadda ƙasa ke zama mulki

Don a fahimci Abdullahi, sai an fahimci yadda ake riƙe ƙasa a lokacin. A ƙa'idar malaman jihadi, ƙasa amana ce ta al'umma a hannun shugaba, kuma wanda ya share daji ya raya shi yana da haƙƙi a kansa. A aikace, kowace sarauta na tafe da garuruwan da aka danƙa mata. Hakimai na zaune a birni kusa da sarki, garuruwansu na warwatse a ƙauye, jakadunsu ne ke zuwa karɓo haraji. Akwai kuɗin ƙasa a kan magidanta, da zakkar hatsi, da jangali a kan shanu, da kuɗin karofi a kan marina. Hakimi ya ɗebi rabonsa, ya miƙa saura ga fada.

Saboda haka tuɓe mutum daga sarauta ya wuce cire masa rawani. Ana raba shi ne da garuruwa, da haraji, da gonakin sarautar, da bayin da ke cikinsu. Naɗa wani kuma na nufin mayar da wannan duka zuwa wani gida.

Ban da wannan akwai gandayen sarki, manyan gonakin da ke bin karaga. Cikinsu akwai na Fanisau, Gogel, Ɗorayi, Nasarawa, Gasgainu da Giwaram. A nan ake noma gero da dawa don ciyar da fada da dakaru da dawaki, wasu wuraren kuma har da auduga da baba na rini. Bayi ne ke aikin, ƙarƙashin sarkin gandu. Sukan yi wa ubangida aiki tun safe har wajen azahar, sannan su koma gayaunarsu, ƙaramar gonar da suke ci daga ciki. Wasu kan biya murgu don a bar su su yi sana'ar kansu, kaɗan daga ciki su tara abin fansar kai. 'Ya'yan da aka haifa cikin bauta su ne cucanawa.

Masu kula da waɗannan gandaye manyan bayin fada ne, musamman Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. A zamanin Abdullahi tasirinsu ya ƙaru ƙwarai. Dalilin a fili yake: bawan sarki ba shi da damar neman karaga, ba shi da dangin da zai jingina da su in ba sarki ba. Hakimi ɗan babban gida na iya yin gardama, Shamaki kuwa ƙarfinsa duka daga ubangidansa yake. Ta hannunsu sarki ke samun hatsi da dakaru da labarin abin da ke gudana, ba tare da ya roƙi manyan gidajen Fulani ba.

Barth ya ƙiyasta cewa a ƙasar Kano yawan bayi ya kai na 'ya'ya. Mafi yawansu an kamo su ne a yaƙi ko hari, ko an sayo su a kasuwa. Arzikin da ake yaba wa wannan zamani da shi, guminsu na ciki dumu-dumu, kuma yawancinsu tarihi bai riƙe ko sunayensu ba.

Yaƙin da bai ƙare ba

An san Abdullahi da rashin zama wuri ɗaya. Yakan tashi daga wannan gari zuwa wancan, yawanci saboda Ningi. A ƙarƙashin Abubakar Ɗan Maje, daga baya kuma Haruna, Ningawa sun riƙa kai hari kudanci da kudu maso gabashin ƙasar Kano, su kwashi mutane da dabbobi su koma cikin duwatsu, inda dawakin Kano ba sa iya yin komai. Abdullahi ya kai musu yaƙi sau da yawa, ya ɗora 'ya'yansa a kan runduna, ya ƙarfafa garuruwan iyaka. Bai ci Ningi ba. Har Turawa suka zo tana nan da 'yancinta.

Wannan yaƙi na da fuska biyu. Manoman iyaka sun sha wuya, wasu garuruwa sun watse. A ɗaya gefen, duk fita yaƙi na dawowa da kamammu, waɗanda ake zubawa a gandaye ko a aika Sakkwato cikin gaisuwa. Ningawa su ma haka suke yi da Kanawan da suka kama. Talaka ne ke biyan kuɗin a ɓangarorin biyu.

Ta arewa maso yamma kuma akwai Katsinawan Maraɗi, waɗanda suka ƙi miƙa wuya ga jihadi. Sarkinsu Ɗan Baskore ya kawo hari har yankin Gwarzo. A arewa, Damagaram ƙarƙashin Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, na ta tara bindigogi da igwa, ko da yake karon gaske tsakaninta da Kano sai a zamanin 'ya'yansu. An kuma yi babbar yunwa a cikin shekarun Abdullahi. A 1862 Baturen Ingila William Baikie, wanda ya kafa sansani a Lokoja, ya zo Kano yana bin sawun takardun wasu matafiya Turawa da suka mutu. A lokacin ba wanda ya ɗauki irin waɗannan baƙi a matsayin barazana.

Kasuwar da ta kai har Adar

Duk da yaƙe-yaƙen, kasuwanci ya bunƙasa. Larabawan Gadamas da Tarabulus na zaune a birni, suna shigo da yadin Manchester da takarda da sauran kayan Turai ta Sahara, suna fita da fatu da hauren giwa da gashin jimina, wanda ya yi tsada a Turai a shekarun 1870. Fataken goro na zuwa Gwanja, kasuwar Salaga, har lokacin da Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, abin da ya girgiza wannan hanya.

Yankin da yau ya ƙunshi Madawa da Buza da Keita na cikin wannan hada-hada. Abzinawan Kel Gres, waɗanda suka yi ƙarfi a wannan ɓangare na Adar da Gobir Tudu, na cikin masu ɗauko gishirin Bilma a kan raƙuma zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. Abin da Abzinawa suka fi nema a Kano shi ne turkuɗi, baƙin yadi mai sheƙi da ake rinawa a buga a garuruwa irin su Kura, wanda suke yin rawani da amawali da shi. Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu ke komawa ga mabiyan Abzinawa, sun zauna a ƙauyukan Kano da Katsina, suka zama manyan fataken goro. Ɗan Adar da ke sauka Kano ci-rani a yau yana bin tsohuwar hanya ce, wadda ta girmi iyakar da Faransa da Ingila suka shata.

Kowane ramin rini da kowane magidanci na biyan haraji, saboda haka bunƙasar kasuwa na nufin cikar baitulmali. Da wannan kuɗi sarki ke sayen dawaki da makamai, yana kuma yi wa na kusa da shi alheri.

Tuɓe-tuɓe

Abin da aka fi tuna Abdullahi da shi a siyasa shi ne saurin tuɓe masu sarauta. Tarihin sarakunan Kano ya lissafa wasu daga ciki: Sarkin Dawaki Abdu, da Ciroma Dikko, da Ɗan Iya Alabira, da Galadima Abdulƙadir, da wani Makama, da Ma'aji Sulaimanu. Ya raba Malam Dogo da waziranci, ya kuma kashe Alƙalin Kano Ahmadu Rufa'i. Littafin ya ce waɗanda ya tuɓe ba sa ƙirguwa, amma ya shaide shi da cika alkawari ga abokansa.

Allah ya ba shi 'ya'ya masu yawa, kuma da dama daga cikin guraben da aka buɗe su suka cike su. Sannu a hankali manyan sarautu, tare da garuruwansu da gonakinsu, suka taru a hannun 'ya'yan sarki da bayinsa da barorinsa. Gidajen da suka yi jihadi tare da kakanni, da sauran 'ya'yan Dabo, suka ga rabonsu na raguwa.

Ko ɗansa bai tsira ba. Yusufu, jarumin da ya yi suna a yaƙin Ningi, ya kai matsayin Galadima, wanda mutane ke kallo a matsayin matakin ƙarshe kafin karaga, tunda ta nan uban ya bi. Daga baya uban ya tuɓe shi bisa zargin yana neman goyon bayan Sakkwato don a kawar da shi ya hau. Wannan ya raunana Yusufu a idon masu naɗi, amma bai rage masa farin jini a wurin 'yan'uwansa da dakaru ba.

Rasuwa a hanyar Sakkwato

A 1882 Abdullahi ya kama hanyar Sakkwato, kamar yadda sarakunan daular ke yi don gaida Sarkin Musulmi. Ajali ya riske shi a Karofi, cikin ƙasar Katsina, a yankin Dutsin-Ma na yanzu, garin da bai kamata a rikita shi da Karofane ta gundumar Buza ba. Al'adar Kanawa ce su laƙaba wa sarki sunan inda ya rasu. Shi ya sa ake cewa Usman Maje Ringim, Abdullahi Maje Karofi, Abbas Maje Nasarawa.

Sakkwato ba ta naɗa Yusufu ba. Ta ba ƙanen marigayin, Muhammadu Bello. Bello ya tarar da 'ya'yan yayansa sun mamaye sarautu, sai ya ɗauki makamin da Abdullahi ya wasa ya juya shi a kansu. Ya riƙa tuɓe su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga nasa 'ya'yan, ya kai ɗansa Tukur matsayin Galadima. Mutanen da suka tashi cikin iko da dukiya suka wayi gari ba rawani, ba garuruwa, ba haraji.

Basasa

Bello ya rasu a ƙarshen 1893. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya umarci Waziri Buhari ya naɗa Tukur, wanda ya burge shi a yaƙin Argungu. Yawancin masu faɗa a ji a Kano Yusufu suke so. Yusufu da 'yan'uwansa da mabiyansu suka fice daga birni suka nufi Takai, a kudu maso gabas, yankin da suka saba da shi tun yaƙin Ningi. Ƙasar ta rabu biyu: Yusufawa da Tukurawa.

Yusufu ya rasu a Garko a 1894 kafin a ci birni. Aka miƙa jagoranci ga Alu, wanda kasancewarsa jikan Sarkin Musulmi ta wajen uwa ya sa ake ganin Sakkwato za ta fi saurin haƙura da shi. A cikin shekarar Alu ya shiga Kano, Tukur ya fice zuwa iyakar Katsina, aka ci shi da yaƙi a Tafashiya a Maris ɗin 1895, ya rasu sakamakon haka. An ƙone garuruwa, an kashe jama'a, an kuma bautar da Musulmi 'ya'ya da dama don kawai sun kasance a ɓangaren da ya faɗi. Sakkwato ta amince da Alu a ƙarshe, amma kowa ya ga cewa umarninta bai ƙara zama abin da ba a iya ƙetarewa ba.

Shekara takwas bayan haka, ranar 3 ga Fabrairun 1903, sojojin Ingila suka ci Kano, Alu na Sakkwato. Waziri Ahmadu, shi ma ɗan Abdullahi, ya faɗi a yaƙin Kwatarkwashi. An kama Alu, aka kai shi Yola, daga baya Lokoja, inda ya rasu a 1926. Lugard ya naɗa Wambai Abbas, wani ɗan Abdullahi, wanda ya yi mulki har 1919. Ɗan'uwansa Usman II ya biyo baya har 1926, sannan Abdullahi Bayero ɗan Abbas ya hau, ya kai 1953. Bayero shi ne mahaifin Muhammadu Sanusi I da Ado Bayero, wato kakan Aminu kuma kakan mahaifin Sanusi II.

Abin da ya bari

Idan burin Abdullahi shi ne sarautar Kano ta tabbata a gidansa, to ya cim ma burin fiye da duk wani ɗan Dabo. Zuriyar Usman da ta Bello ba su sake hawa ba. Ya gaji masarauta mai fama da 'yan fashi da hakimai masu ƙarfin kansu, ya bar fada mai hatsi da dakaru da kuɗi, da birnin da tufafinsa ke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus.

Hanyar da ya bi ta tsadar wa Kano. Ya nuna cewa wanda ke kan karaga na iya kwashe sarautu da ƙasa daga wani gida ya zuba a wani, don haka rasa karaga ya zama rasa komai, kuma 'ya'yansa suka gwammace yaƙi da su haƙura. Bayin gandu ma ba su ga sauƙi nan take ba. Turawa sun hana kamu da cinikin bayi tun farkon zuwansu, amma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Wasu daga cikin tsoffin gandayen, irin su Ɗorayi da Nasarawa, birni ya haɗiye su, sun zama unguwanni cike da gidaje da shaguna.

Ikon naɗawa da tuɓewa ya bar Sakkwato ya koma hannun Turawa, daga nan ya koma ga gwamnatocin siyasa. An sauke Sanusi I a 1963, an sauke jikansa a 2020, an mayar da shi a 2024. Masu jayayya a kan karagar har yanzu jikokin Maje Karofi ne.